Yadda Ake Goya Jita Daga Birni Zuwa Gidan Malam

'Yar'uwa 'yar makaranta, idan kina da ƙaramar jita, babanki kuma malami ne da manya ke ɗaukar karatu a zaurensa, ga hutu ya ƙarato, to kwantar da hankalinki. Hanyar nan an gwada ta, ta ci. Turai 'yar Malam Alkasim na Kiru ce ta gwada. Bi matakan nan yadda suke, na yi miki alkawari jitarki ba za ta shiga murhu ba, ke kuma ba za a cire ki daga makaranta ba.

Mataki na ɗaya: Zaɓi ƙarama

Babba ta samarin Sabon Gari ce, masu cika titi da ƙara. Ƙaramar tana da ƙugu kamar gora, tana zama a cinya ba ta danne ki, muryarta ba ta tsallake danga. Yarinyar da aka raina da "sassauta murya" ba ta da ƙawa kamarta: a hankali take magana, amma ba abin da take ragewa.

Turai ta sami tata daga malamar ɗinki, wata 'yar Lakwaja, ranar da za ta bar aiki a makarantar kwana ta 'yan mata a birni. Tsirkiya ta yanke wa Turai yatsu, ruwa ya fito, jini ya fito, ta ci gaba da dannawa har suka yi kanta. Ke ma haka za ki yi. Lalle yana rufe shaida.

Mataki na biyu: San abin da ke jiranki

A Kiru kiɗa aikin maroƙa ne. Ranar da aka kai Turai boko, Baffa Shitu, yayan Malam, ya rantse a gaban mutane cewa da abin kunya za ta dawo. Malam ya ce 'yarsa ce, ya san ta. Tun daga nan duk hutu Baffa ke zuwa ya zauna kusa da akwatinta yana tari har sai an buɗe. Saboda haka akwati ba wurin ɓuya ba ne. Wuyan jitar ma ya fi shi tsawo.

Mataki na uku: Goya ta

Sassauta tsirkiyoyin, cusa tsumma a ramin cikin, naɗe ta da zane. Ɗora ta a baya a karkace, ɗaure da majanyi, ki yafa babban mayafi tun daga ka. Masu ilmi sun tabbatar ba a taɓa binciken goyo ba. Ɗan doka ma matsawa yake ya ba ki hanya.

Turai ta manta da tsirkiya ɗaya ba ta sassauta ba. Kada ki gyara wannan kuskure, yana da amfani.

Mataki na huɗu: Yi kunyar ɗan fari

Daga tashar jirgi ta Dangora mota za ki hau, kan buhunan gyaɗa. Ba jingina. Kunnuwan jitar za su yi ta sukar ƙeyarki, gumi zai bi bayanki, ki daure.

A cikin mota dole akwai tsohuwa. Ta Turai dillaliya ce mai suna Tasalla.

"Sannu da goyo, 'yar nan. Mace ko namiji?"

Turai ta sunkuyar da kai. Kowa ya san mace ba ta amsa maganar ɗan fari, ba ta ko kama sunansa.

"Allah sarki, na fari ne! Kun ga tarbiyya. Amma juyo da shi gaba ya sha iska mana, tun ɗazu ko motsi bai yi ba."

Mota ta faɗa rami. Daga ƙarƙashin mayafi aka ji "ɗin-n-n."

"Wannan kukan ba na lafiya ba ne," in ji Tasalla. "Shawara ce ke damunsa. Kawo shi in gani."

Ta miƙo hannu, Turai ta goce, mayafi ya zame daga fuskarta. Tsohuwa ta ƙura mata ido.

"Tsaya. Ke ba Turai ba ce ta gidan Malam Alkasim? Yaushe aka ɗaura miki aure ban ci goro ba?"

Mataki na biyar: Kada ki yi bayani

Nan ne masu raunin zuciya ke kwance majanyi. Ke kada ki kwance. Turai ta duba, in ta nuna jita a mota, kafin la'asar tana murhu. Ta ce, "Gwaggo, a yi haƙuri," ta mai da kai ƙasa.

Tasalla ta sauka tun a bakin gari, ta bar ƙullin kayanta a mota saboda sauri. Ki sani dillaliya ba ta neman izinin shiga gida, kuma waya ba ta kai ta sauri.

Mataki na shida: Tafi gida a hankali

Ba wa labari lokaci ya nuna. Turai ta ratsa kasuwa da akwati a ka, goyo a baya. Mahauta suka daina sara. Mata suka leƙo ta kan danga. Wani ya ce, "To, ga bokon ya haihu." Duk da haka ta gai da kowane dattijo har ƙasa, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

A tsakar gida ta tarar da Inna zaune a kan turmi tana kuka. Baffa Shitu yana tsaye, fuskarsa kamar ranar Salla.

"Alkasim, me na faɗa maka? Me na faɗa maka a gaban jama'a? Ga takardar shaidar nan ta goyo maka!"

Malam bai dube shi ba. Carbi na hannunsa amma ba ya ja. Turai ba ta taɓa ganin babanta ya tsufa haka ba, nan ne kawai ta ji kamar ta fashe da kuka. Ta durƙusa.

"Baba, ina wuni. Na same ku lafiya?"

"Turai," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Na wane ne?"

"Nawa ne, Baba. Malamar ɗinki ce ta ba ni."

Mataki na bakwai: Yanzu kwance

Ta kwance majanyi, ta warware zane, ta ajiye jita a kan tabarma.

Malam ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ya leƙa ramin, ya zaro tsumman, ya sake leƙawa.

"Katako ne," ya ce. "Yaya, katako ne! Alhamdu lillahi! Zo ka taɓa!"

"Kayan kiɗa ne fa, Alkasim! A gidanka! A kawo wuta!"

"Ɗazu ka tara mini gari ka ce jika aka kawo mini. Yau ba a ƙona komai a gidan nan." Ya juya ga Turai yana share ido da hannun riga. "Ke kuma, marar kunya, tunda ke kika goyo shi, ke za ki rene shi. In na ji kukansa daga zaure, ku biyun za ku gamu da ni. In hutu ya ƙare ki kwashi abinki ku koma."

Ka'idar ke nan: wanda ya shirya karɓar babban abin kunya, ƙaramin da godiya yake karɓarsa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu in babanki na cikin masu duka kafin tambaya. Ba ta da hannu in Inna ta ƙi yi miki magana har hutu ya raba, ko in samari suka sauya hanya, ko in gari ya laƙaba miki Uwar Katako, kamar yadda ake kiran Turai har yau, tana kuma amsawa. Wadda ta gwada ta ga ba daidai ba, kada ta neme ni. Mu a gidanmu ko tafi ba a yi.