Kwamared Velizar da Masu Sauraronsa na Gorni Dren

Idan ana zancen masu hangen nesa a garin Gabrovo, Kwamared Velizar Gunchev ne limami, sauran duk mamu ne. Shi ne ya hango rushewar jari-hujja tun yana saurayi, kuma saboda tsabar ƙwarewa bai taɓa barin shekara ta wuce bai sake hango ta ba. Gemunsa kaɗai ya isa hujja. Ya raɗa wa kansa suna Muryar Kudancin Duniya. Maƙwabta kuwa, da yake karatunsu bai yi zurfi ba, Famfo suke ce masa, wai in aka buɗe shi sai an kira mai gyara.

Da yawun talakawan Asiya da Afirka da Latin Amurka yake magana, kuma ba wanda zai ce bai san Kudu ba. Ya taɓa raka matarsa bakin teku a Girka, rana ta gasa masa gadon baya har ya koma kwana ruf da ciki. Tun daga nan yake cewa shi a fatar jikinsa ya karanci wahalar ƙasashe masu zafi.

Ɗan Markisanci ne mai zaman kansa, kuma ba ƙaramin gumi ya yi ba kafin ya kai wannan matsayi. Ya fice daga jam'iyya don ta karkata Yamma. Ya kafa ƙungiya da abokansa biyu, ya kori na farko saboda ya yi hamma ana tsakiyar nazarin farashin man fetur, ya kori na biyu saboda bai tsawata wa mai hammar ba. Daga nan ƙungiya ta samu haɗin kan da ba ta taɓa samu ba. Ba ya karɓar umarni daga Washington, ba ya karɓa daga Mosko. Daga Tsonka kaɗai yake karɓa, matarsa, wadda take aiki a kantin magani, kuma da guminta burodi da cuku suke shigowa gidan.

A ɗan ɗakin ajiya da ke bayan kicin yake naɗar shirinsa mai suna Tsawa Daga Kudu, ya ɗora a intanet. Yakan fara bayan karin kumallo, ya sauka in yunwa ta kira shi.

"Ya ku ma'aikatan tashar jiragen ruwa, ya ku masu yankan rake, ya ku masu haƙar ma'adinai," haka yake buɗewa, yana dukan tebur. "Na faɗa bara, ina kuma maimaitawa: tsarin nan numfashinsa na ƙarshe yake ja. Wanda bai ji ƙarar tsagewarsa ba, to kunnensa na haya ne."

Da kaka ta matso, Tsonka ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da kwalaben barkono da na kabeji a hannu. Ta ce masa ɗakin nan tun zamanin kakarta na kayan hunturu ne, kuma yayanta Stoyko yana neman wanda zai tsare masa shagon tayil. Ta ce ko dai ya nuna mata mutane masu kunne biyu da suke sauraronsa, ko kuma juyin juya hali ya tattara wayoyinsa ya ba kabeji wuri. Velizar ya ce mata duniya tana ji, shiru take yi saboda tsoron leƙen asiri. Ta ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce a gani a ƙasa.

Ana cikin haka sai ga waya. Muryar wani dattijo ce, ya ce sunansa Bai Minko, shi ne mai garin Gorni Dren, wani ƙauye a can kan tsauni. Ya tambaya ko shi ne mutumin nan mai magana. Velizar ya gyara zama ya ce shi ne.

"To, Farfesa, ka yi mana rana," in ji Bai Minko. "Shekara da shekaru aladun nan suna cinye gumin manomanmu, mun rasa mai tsaya mana. Tun da muka fara saka muryarka suka ja da baya. Dare da rana kai ne a garinmu. Ka zo ranar Lahadi mu ga fuskarka."

Velizar ya ajiye waya. Aladu! Shi kansa bai taɓa samo wa 'yan jari-hujja sunan da ya dace da su haka ba. Ashe manomi ya fi mutumin birni kaifin harshe. Ya sanar da Tsonka cewa ƙauyuka sun farka, za su yi wa birane ƙawanya, kuma ya yafe mata jahilcinta na baya. Ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Ranar Lahadi ya sa jan gyale a wuya, suka hau ƙaramar bas. Duk hanya yana koya wa Tsonka yadda za ta tsaya a bayansa in an zo ɗaukar hoto.

Tarbar da aka yi masa kuwa ta wuce mafarkinsa. An shimfiɗa tebur a dandalin ƙauyen, ga banitsa, wato gasasshen burodi mai cuku a ciki, da zafinsa, ga cuku, ga zuma, ga barasar gida. Ya buɗe baki ya ce, "Ya ku jama'a," sai wata tsohuwa, Baba Ginka, ta dafe ƙirji ta ce na rantse shi ne, ga muryar nan sak. Karnukan ƙauyen suka naɗe wutsiya suka shige ƙarƙashin amalanke. Velizar ya ɗauki wannan a matsayin kwarjini. Ya yi musu bayanin bashin ƙasashe matalauta da rikicin mashigin teku, tsofaffi suna kaɗa kai suna duban maƙogwaronsa da sha'awa, kamar masu taya sa a kasuwa. Wani ya tambaye shi ko yana numfashi kuwa in yana magana.

Bayan an ci an sha, Bai Minko ya ce a je Farfesa ya ga fagen fama. Suka gangara bayan gari, har suka iso wata makekiyar gonar masara da ta yi iyaka da daji. A tsakiyarta an kafa dogon turke, a kansa an ɗaure lasifika, kuma daga cikinta Kwamared Velizar yana ta zabga wa masara bayani a kan makomar dala.

Ya duba gabas, ya duba yamma, ya tambaya ina jama'a suke zama in za su saurara. Bai Minko ya nuna daji da sandarsa.

"Can suke, ɗana. Aladun daji. Ba abin da ba mu gwada ba. Mun harba bindiga, sun dawo. Mun saka kiɗa, ashe so suke. Mun naɗi huɗubar fadan cocinmu, gajera ce, kuma muryarsa sanyi gare ta. Surukina ne ya tsinto ka a waya. Kai ba ka tsayawa, ba ka sassautawa. Ko uwar garken, wadda ta taɓa bin mafarauci har kan bishiya, da ta ji ka sai ta juya."

Tsonka ta shige cikin masara. Ba a ganinta, sai dai karan da ke wajen suna ta girgiza saboda dariyar da take ƙunshewa.

Da ƙaramin mutum ne, da nan ya narke. Velizar ma, a faɗi gaskiya, sai da ya hango kansa a shagon Stoyko yana auna tayil ɗin banɗaki. Amma gwani ba ya faɗuwa sai a kan zama. Ya shafa gemu, ya juyo ya fuskanci dattawan.

"Kwamared," ya ce, "wane ne alade in ba mai cin abin da bai shuka ba? Yau a karon farko a tarihi, nazari ya sauko daga takarda ya tsare gonar talaka. Masana sun yi ta rubutu, ni kuwa na kori maƙiyi da baki."

Aka tafa masa, domin ba wanda yake son ɓata wa mai gadin gona rai. Suka koma gida da buhun dankali da ƙullin cuku da tulun zuma. Tsonka ta dubi kayan ta ce tun da suka yi aure yau ne bakinsa ya fara shigo da abu maimakon fitarwa. Ta kai kwalabenta ƙarƙashin gado, ta bar masa ɗakin.

Velizar ya ɗaura ɗamara. Ya ƙara tsawon shirin, ya ƙara ƙarfin murya, har ya buɗe sabon babi a kan tarihin mallakar filaye.

Ana gab da girbi Bai Minko ya sake kira, muryarsa a dakushe. Ya ce an samu matsala, aladun sun saba. Yanzu da yamma sukan fito ayari guda, manya da ƙanana, su kwanta a gindin turken su miƙe ƙafafu. Ba sa motsi sai ya kai ƙarshe. In ya yi sallama sai su tashi su kakkaɓe jiki su faɗa wa masara. Har daga dajin da ke bayan tsauni wasu suke zuwa.

 Velizar ya tambaya a hankali, "Bai Minko, kana nufin ƙaruwa suke?"

"Kullum, Farfesa. Mun shiga uku."

Ya ajiye wayar idanunsa cike da ƙwalla, ya leƙa kicin ya ce wa Tsonka ta zama shaida, gwagwarmaya ta fara samun magoya baya daga waje.

A shekarar dai Gorni Dren ba ta ga ko zangarniya ɗaya ba. Amma mafarautan yankin sun ce ba su taɓa ganin aladu masu ƙiba da wayewar siyasa irin na bana ba.