Ranar da Inbata Ta Fi Ni Hankali

Ranar ɗaurin auren ƙanwata a Sheshe babu wuta, sai na ja waya daga sabuwar inbatata mai ajiyar wuta zuwa lasifikar ƙofar gida. Malam Sani, wanda ya haɗa mini inbatar, ya ce kada in ɗora mata abu mai zafi.

Na ce, "Haba Malam, wannan ko unguwar nan za ta ɗauka."

Liman ya fara addu'a ke nan na lura babbar rigata ta yamutse. Na sulale ɗaki na jona dutsen guga. Inbata ta tsala ƙara, lasifika ta ɗauke ɗif. Jama'a suka tsaya hannuwa a sama, ba su san inda za su ce amin ba.

Na fito da dutsen guga a hannu ina salati: "Ta ƙone!"

Malam Sani ya leƙa, ya danna maɓalli ɗaya, ta tashi.

Ya ce, "Ba ƙonewa ta yi ba, Alhaji. Kanta ta kare daga gare ka."

Har yau, da an ɗauke wuta, sai wani ya leƙo zaurenmu: "Alhaji, guga kake yi?"