Yadda Na Zama Mai Korar Tsuntsaye

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da damunar da na je zaɓen faifai ba. Ba na rufe ƙwarya nake nufi ba. Faifan tagulla ne, irin wanda ake kafawa a gefen gangunan zamani, makaɗi ya sauke masa sanda ya ce "casss" a ƙarshen kiɗa.

A ƙauyenmu, can bayan Dawakin Tofa, malamin firamare aka san ni. Abin da ba a sani ba shi ne, ƙarshen mako nakan sulale birni in zauna bayan ganguna a wuraren biki tare da abokaina. Ɓoyewa nake yi iyakar ƙarfina, domin a lokacin ina neman auren Hafsatu, mahaifinta kuwa Malam Idi ne, mai karantar da manya a zaurensa bayan la'asar. A tunanina (ni kaɗai na yi shi, ban shawarci kowa ba), ranar da ya ji an kira ni makaɗi, ranar zancen aure ya mutu.

To sai faifanmu ya tsage, ƙararsa ta koma ta tsohon kwanon sha. Abokaina suka ce tunda ni ke dukansa, ni zan zaɓo sabo. A wani shago a Sabon Gari na rasa wanda zan ɗauka tsakanin guda biyu, babba mai kauri da ƙarami mai laushin murya. Janareton maƙwabta na ta ruri, ba na jin bambanci. Mai shagon ya san mu, sai ya ce in tafi da duka biyun, in saurara a natse, in dawo masa da ɗaya.

A natse a ina? Na cusa su a buhun taki na ɗaure a bayan babur, duk ramin da na faɗa sai su yi 'yar ƙara, gabana ya faɗi. A gida kuwa ko tari ka yi maƙwabta sun ji. Wanda bai san yankinmu ba zai ce in shiga daji. Mu ba mu da daji. Daga bayan katangarku gona ce, inda ta ƙare ta wani ta fara, har ka faɗa ƙauye na gaba.

Sai na yi dabara. Gero ya fi mutum tsawo, ya fitar da kai. Bayan azahar, da manoma suka koma gida, na kutsa can ciki har na tarar da wata darbejiya, na rataye faya-fayen a reshe. Da farko a hankali nake taɓawa ina waige-waige. Daga baya abin ya ɗebe ni. Na rufe ido, in doki babba, in doki ƙarami, har da kaɗa kai da buga ƙafa a kan gangar da babu ita.

Da na buɗe ido, Malam Idi ne a tsaye, da lauje a hannu da damin ciyawar awaki a ka. Duk gonakin garin nan, ashe tasa na zaɓa.

Na zube ina gaishe shi, sanduna a hannu na rasa inda zan tura su. Ya amsa a tsanake, ya dubi faya-fayen da ke lilo a reshe, ya tambaye ni aikin me nake yi. Bakina ya riga hankalina.

"Tsuntsaye nake kora maka, Malam. Na ga suna ɓarna."

Ya sauke damin ciyawar. Sannan ya sa mini albarka, ya ce dama tsuntsayen sun raina gwangwanayen da jikokinsa ke kaɗawa. "Tunda Allah ya kawo ka da kayan aiki, ɗana, ka riƙa zuwa da sassafe kafin makaranta, har a yanke geron."

Haka na kama aikin da yara ke yi. Kullum ina tsakiyar raɓa ina dukan tagulla, ɗalibaina na wucewa suna gaishe ni da Turanci cikin murya ɗaya, yadda na koya musu (na yi nadamar koyarwar). Mai shago na kira, abokaina na kira, ina cewa har yanzu ina nazari. Babban tashin hankalina kada hannuna ya tona mini asiri, don haka da gangan nake dukan banza, amma in na shagala sai in ji kiɗa ya daidaita da kansa. Hafsatu, wadda ta san sirrin, ta ce in je in faɗa masa gaskiya. Na ce mata ba ta san abin da take faɗa ba.

Ranar yankan gero aka yi gayya. Har Kawuna, wanda zai nema mini auren, ya zo. Ana zaune gindin darbejiya ana shan fura, sai Malam ya juyo gare ni.

"Ɗana, ka gama zaɓen kuwa? Ni dai a kunnena ƙaramin ya fi. Babban zai danne muryar mawaƙinku."

Na dire ludayin furar. Sai dariya ta ɓarke. Ashe tun bara ya gan ni a Gezawa, ya je ɗaurin auren wani ɗalibinsa, ya hango ni ƙarƙashin rumfa ina zuba kiɗa da gilashi a ido.

Da dariyar ta lafa ya ce, "Kiɗan nan ba zan ce ina so ba. Amma wanda zan ba 'yata, na fi son in ji sana'arsa daga bakinsa."

A durƙushe, gaban Kawu da rabin gari, na faɗa da bakina. Ya gyaɗa kai, ya ce wa Kawu in an gama kai amfani gida su zo a yi magana.

Ƙaramin na ɗauka. Darasin da na samu kuwa, in har tsoro zai sa ka yi wa dattijo ƙarya, to kada ka yi wadda zai iya sa ka aikinta kowace safiya.