Caɓin Bakin Rijiya

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya zafi? Ya kuma kwanan tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Rage murya, kada ka firgita mini kaji."

Ukasha ke nan da kakarsa, Iya Sabuwa, a wata 'yar unguwa da ke bayan Likoro. Ya kafe babur ɗinsa na acaɓa a ƙofar gida, ya kinkimo wani buhu ya dire a bakin zaure, sannan ya durƙusa yana gaisuwa kamar mutumin kirki. Ita kuwa tun da ta ga buhun jikinta ya ba ta ba alheri ya kawo ba.

Gidan nan a da ba ya rabo da hayaniya. Rijiyar da marigayi mijinta ya haƙa a tsakar gida ita ke shayar da unguwar kaf, don haka tun da sassafe mata ke shigowa da tuluna da bokitai, a ja ruwa, a ja hira, a sayi dakuwarta. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba ta riga kowa ji ba. Bara, bayan an gaji da kai kuka ƙaramar hukuma, gwamnati ta haƙa musu burtsatse mai aiki da hasken rana a gefen firamare. Abin alheri ne, babu mai musu, ita kanta ta rangaɗa guɗa ranar da aka buɗe famfon. Abin da ba ta hango ba shi ne ruwan zai tafi da mutanen. Yanzu daga ita sai kaji, kuma kaɗaici yana cin ta, ko da yake gara a yanka ta da ta faɗa.

"Me ka kinkimo haka?" ta tambaya. "In lefena ne, mayar. Tun kana tsumma kake ce mini mata, sai yau za ka zo mini da buhu ɗaya tal?"

"Lefenki ne mana, amarya. Hoda ce. An ce in aka shafa miki ita duk ramukan fuskar nan za su cike."

"Ja'iri! Fuskar da ta sa kakanka ya sayar da bijimai biyu?"

"Ai shi ya sa muka tashi ba mu gaji komai ba."

Ta rarumi mafici ta jefe shi, ya goce yana dariya. Sannan ya sosa ƙeya ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Siminti ne, Iya. Baba ne ya bugo waya daga Ikara. Dubagari ya zagayo ya ce duk rijiyar da ba ta da murfi a yi mata. Shi kuma Baba ya ce taki a toshe ta gaba ɗaya, tunda ga famfo."

Inuwa, uban Ukasha, ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, sai dai ta aika masa da saƙo ta sama.

"Koma ka gaya wa wancan na Ikara, da ruwan rijiyar nan aka wanke shi ranar da ya faɗo duniya. Hukuma ta ce murfi, shi ya ce toshewa. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan."

"To ke me za ki yi da ita? Ga ruwan gwamnati garai-garai, murɗawa kawai za ki yi."

"Wannan ruwan? Na kurɓa sau ɗaya, kamar na lashi ƙusa. Ruwa a ƙasa Allah Ya ajiye shi, ku kuka ɗora shi sama a tanki kamar hatsi a rumbu."

"Ya fi naki da kwaɗi ke wanka a ciki."

"Kwaɗin nan sun fi ka tarbiyya. Su kullum sai sun gaishe ni. Kai fa, rabonka da gidan nan tun Sallah, ga ka nan a Likoro kamar wanda ke Legas."

"Nema nake yi, in tara sadakinki."

"Da wannan jakin ƙarfen? Ran nan aka ce ka ɗauko mai ƙiba daga kasuwar Makarfi, a hawa ta farko ya sauka ya goya babur ɗin, ya goya ka."

"Sharri ne! Ke dai kifin rijiya ce, ba ki san duniya ta ci gaba ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Ranar da hadari ya rufe muku rana, ko wani ƙarfe ya ƙone a ciki aka ce sai mai gyara ya zo daga Kaduna, ina za ku dosa da jarkokinku?"

"Au, ashe ke ce ke addu'ar hadari?"

"Ni 'yar manoma ce, addu'ar hadari gadona ne."

"Da tsakar rani, Iya?"

"Allah ba Ya duba kalanda."

Ukasha ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta so ta yi, sai dai buhun nan na zaune a bakin zaure, kuma ta san in wasa ya ƙare shi zai yi magana. Sai ta yi maza ta sako ƙarya.

"Wai ma wa ya ce maka ba a zuwa? Yau ɗin nan Mero ta zo, Rahama ta zo da jarka biyu, matan gidan Sarkin Noma sai da na raba faɗa a kan guga. In kana da ido dubi caɓi."

Lallai bakin rijiyar a jiƙe yake sharkaf, ga sawu ko'ina. Amma Ukasha ya baro Mero da Rahama a layin famfo, har sun ba shi saƙon gaisuwa. Ya je ya tsuguna yana duba ƙasa. Can ya miƙa hannu ya ɗauko silifa ɗaya daga ƙofar ɗakinta, ya kifa shi.

"Ikon Allah! Ashe matan unguwar nan duk takalmi ɗaya suke sawa? Kowacce ƙafar hagu da faci a dunduniya?"

"Yayinsa ake yi."

"Kuma duk daga ɗakinki suka fito, ɗakinki suka koma. Ko ɗaya ba ta bi ta zaure ba."

"Ajiye mini takalmi, marar kunya."

Muryarta ce ta tona mata asiri. Gaskiyar magana, ita ce ke tashi kowace safiya ta ja guga uku ko huɗu, ta sheƙa a ƙasa, ta yi ta zagaye a ciki. Shekara da shekaru ta yi tana faɗa da mata a kan caɓin nan, tana cewa sun mai da mata gida fadama. Da suka daina zuwa ƙasar ta bushe ƙamas har ta tsage, ta kasa jure kallonta. Kunya ta kama ta sosai, irin wadda ba ta taɓa ji a gaban jika ba.

Ukasha ya ajiye silifan a hankali. Wasan ya fita daga fuskarsa.

"Iya, abin da Baba ke tsoro ke nan. Kina jan ruwa ke kaɗai, ga santsi. In ƙafarki ta zame, wa zai ji?"

"Ba wanda zai ji," ta ce. "Ai abin da nake gaya maka ke nan tun ɗazu."

Wata kaza ta zo ta tsoma baki a caɓin ta wuce.

"Ni ba na ƙin famfo," ta ci gaba, tana murza bakin zane. "Yara sun daina gudawa, mata sun huta da igiya, na gani. Amma muddin rijiyar nan na buɗe, in na ji motsi a zaure sai in ce wata ce ta zo ɗiba. In kun toshe ta, me zan ce ina jira?"

Yaron ya miƙe ya zura guga, ya jawo, ya kafa kai ya sha har ruwa na bin haɓarsa. Ya yamutsa fuska.

"Kai! Lallai kwaɗon nan bai daɗe da fita ba."

"Tofar mana, wa ya roƙe ka?"

"Ina! Magani ai ba ya daɗi. Yanzu na gane abin da ke damun babur ɗina. Tun da na fara wanke shi da ruwan gwamnati yake tari, ba ya son tashi da safe. Ruwan tsofaffi yake so, kamar ni mai shi."

Ta dube shi a kaikaice. "Me kake nufi?"

"Kullum kafin in fita Makarfi zan turo shi nan in wanke. Ni zan ja ruwa, in cika miki randa, ke da guga kuwa an raba aure. Simintin nan a ɗaga bakin rijiya da shi, a sa murfi mai ƙofa yadda dubagari ya ce."

"Wancan na Ikara fa?"

"Zan ce masa na sha kaye, matata ta fi ƙarfina. Ya san halinki ai, shi ya sa ya aiko ni bai zo da kansa ba."

"Za ka ɓata mini tsakar gida da baƙin mai."

"Ƙwarai kuwa."

"Zan yi ta zaginka har maƙwabta su ji."

"Su ji mana, ko sa leƙo su ga wa ake kashewa."

Nan dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana share ido da gefen mayafi. Ta shiga ɗaki ta fito da farantin dakuwa, wadda har yanzu ba ta daina dakawa ba ko da babu mai saye, ta dangwara masa a gaba.

"Ungo, angon banza. Kada ka ce na ci sadakinka ban ba ka komai ba."

"Ta yaushe ce? Wannan ai ko an jefi kare da ita sai ya kai ƙara."

"Ci ka yi mini shiru."

Ya ci uku, ya zuba sauran a aljihu. Sannan ya turo babur ta zaure, ya wanke shi tas, yana watsa ruwa ko'ina da gangan, ita kuma tana zaune a tabarma tana sauke masa kwandon zagi, ranta fes. Da ya gama ya tura abinsa waje, ya ce sai gobe in Allah Ya kai mu.

Ƙarar babur ta yi nisa, gidan ya koma shiru. Iya Sabuwa ta ɗauko tsintsiya yadda ta saba. Ga shatin taya ya ratsa caɓin, ga sawun wani ƙaton takalmi ya shigo ta zaure ya fita ta zaure. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta jingine tsintsiyar a bango, ta bar su yadda suke.