Ranar da Na Tambayi Kapitan Lafiyar Mahaifiyarsa

Ba zan taɓa mantawa ba da satina na biyu a asibitin dabbobi na Yamai, shekarar da fari ya ƙarar da shanu, soja kuma suka karɓi mulki. Ramammun shanu muke gani kullum, har wata safiya da motar soja ta tsaya a ƙofarmu. Wani kapitan daga unguwar Talaje ya fito rungume da ɗan kwikwiyo, jini na ɗiga daga bakin kwikwiyon. Haƙori ya fita tun jiya, jinin ya ƙi tsayawa.

(A lokacin, ko hular soja na gani a rataye sai na gaishe ta.)

Maigidana, Likita Isufu, dattijo ɗan Damagaram, ya ɗebi jinin karen a ƙaramar kwalba, ya ajiye agogo kusa. Jinin lafiyayyen kare nan da nan yake daskarewa. Wannan kuwa har shayinmu ya huce yana nan tsululu.

"Ciwon gado ne, ta wajen uwa yake bi," in ji shi a hankali. "Jeka ka tambayi Kapitan labarin uwarsa da 'yan'uwansa maza."

Na ɗauki takarda, na ƙame gaban mutumin.

"Ranka ya daɗe, Hajiya mahaifiyarka... in ta yanke, jininta yana tsayawa?"

Ya zuba mini ido.

Maimakon in yi shiru, sai na ƙara: "Ku nawa ta haifa a ciki ɗaya? Akwai wanda ya mutu wajen yanke wutsiya?"

Direbansa ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi. Ni kuwa na fara tunanin wa zai kai wa matata labarin an kama ni, can unguwarmu Kirkisoye.

Sai Kapitan ya fashe da dariya har ya dafa tebur. "Mu tara ne, malam, kuma duk da wutsiyarmu muka girma!"

Daga ciki Likita ya yi kira: "Uwar karen, Habu! Uwar karen!"

An samu amsa: 'yan'uwan kwikwiyon biyu maza jini ne ya kashe su. Likita ya ƙara wa kwikwiyon jinin wani ƙaton kare, ya ce kada a sake barin uwar ta haihu. Kwikwiyon ya rayu. Duk zuwansu kuma, tun daga ƙofa Kapitan ke cewa, "Habu, Hajiya tana gaishe ka, jininta lafiya lau."

Tun ranar, in aka ce mini "uwarsa", sai na tambaya mai ƙafa nawa ake nufi kafin in buɗe baki.