Yadda Za Ka Riga Kakanka Tsufa

Idan ka bi matakan nan yadda na tsara su, ba tsallake, na yi maka alkawari kafin ka cika arba'in za ka kamo kakanka a tsufa, ka wuce shi, ka bar shi a baya yana mamaki. Ba a littafi na karanto ba, da idona na ga an gwada. Teburina a ofis yana kallon na wani bawan Allah da muke kira Ɗan Hutu, kuma duk abin da zan faɗa maka shi ya aikata, ni kallo na yi ina ɗaukar darasi. Kakansa na wajen uba manomi ne, ya haura tamanin, har yau da ƙafa yake zuwa gona. Wannan tsohon shi ne abokin gasar.

1. Ka sallami ƙafafunka

Ƙafa kayan da ce, an yi ta ne tun ba mota. Yanzu aikinta biyu: taka birki da sa takalmi.

Shagon da Ɗan Hutu ke sayen biredi a bakin layinsu yake, daga ƙofar gidansa ana hango mai shagon. Duk da haka sai ya tada mota, ya yi baya, ya yi kwana, ya je ya tsaya ya danna hon a miƙo masa ta taga. A ofis kuwa kujera mai taya ya sa aka ba shi. Da ita yake zuwa wurin firinta, da ita yake dawowa. Na taɓa ganin birona ya faɗi ƙarƙashin teburinsa. Ya dubi biron, ya dube ni, ya ce, "Sai dai ka yi haƙuri da shi."

2. Ka ɗora daga inda mahaifinka ya tsaya

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, gado ne. Kakan Ɗan Hutu abin da ƙasa ta ba shi yake ci: hatsi, wake, ganye, nama sai an yi baƙo. Ɗansa, wato mahaifin Ɗan Hutu, shi ya shigo birni ya zama direban babbar mota, shi ne kuma ya gano sukari. Shayinsa sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Yini yake a zaune a bayan sitiyari, abincinsa duk abin da aka soya a bakin hanya. Furfura ba ta gama kama kansa ba ɓarin jikinsa ya shanye, bai daɗe yana jinya ba ya rasu.

Dangi suka ce lokaci ne ya yi. Gaskiya ne, lokaci ne. Kai dai kada ka tambayi likita abin da ya gani.

3. Ka ci abin da ba ya lalacewa

Duk abin da zai ruɓe idan ya kwana biyu, kamar tumatir ko alayyahu, ba abin yarda ba ne. Ka nemi wanda ke zuwa a leda mai ƙyalli, wanda zai shekara a durowa bai canza kama ba. Masana irina sun yi ittifaƙi cewa abin da ƙwaro ya ƙi taɓawa ya fi tsafta.

Ruwa na wanka ne da wankin mota. Idan ƙishi ya kama ka, ga lemon kwalba a firji. Abincin rana mai babur ne zai kawo, soyayyiyar kaza da soyayyen dankali, ka ci a gaban kwamfuta, kada ka kalli farantin. Gishiri kuwa ana barbaɗa shi ne kafin a ɗanɗana.

Wata rana matar Ɗan Hutu ta zuba masa wake da ganye a kwano ya taho da shi. Ya buɗe, ya leƙa, ya kira ta a waya muna ji.

"Maman yara, wai akuya kike aure ne?"

Ya ba maigadi kwanon.

4. Ka tanadi amsar tsofaffi

Tsoho zai zo birni, zai kuma yi magana. Na Ɗan Hutu duk zuwan da ya yi sai ya zunguri tumbin jikan da sanda ya ce, "Abokina, wata nawa? A fara sayen kayan jariri?"

Kada ka yi fushi. Ka ce masa, "Kaka, ku nawa aka haifa a ɗakinku? Ku nawa kuka girma?"

Zai janye sandarsa. Yawancin 'yan'uwansa tun suna goye ƙyanda da gurɓataccen ruwa suka kwashe su, kuma bai manta sunan ko ɗaya ba. Amfanin wannan amsa shi ne gaskiya ce tsantsa. Ba ta da wata alaƙa da tumbinka, amma ba wanda zai lura.

5. Ka canza wa alamomi suna

Jiki zai fara kawo ƙara. Kada ka saurare shi da sunan da ya zo da shi. Ciwon kai, aiki ne ya yi yawa. Yawan ƙishirwa, zafin gari ne. Yawan fitsari, sanyin esi ne. Wando ya ƙi rufuwa, mai wanki ne ya sa shi ya motse. Idan ɗaura igiyar takalmi ta fara sa ka haki, ka koma takalmin da ba igiya.

Matarka za ta ce ka je a gwada jininka. Ka tuna mata cewa duk wanda ka sani da hawan jini, sai da ya je gwaji aka same shi da shi.

Kada kuma ka bar yara a baya. 'Yar Ɗan Hutu tana firamare, amma idan aka miƙa mata ruwa sai ta leƙa kofin ta ce ba kala.

6. Ka je ka karɓi sakamakonka

Yanar ido ta rufe wa tsohon ido ɗaya, aka ce sai an yi aiki. Ɗan Hutu ya ɗauki hutu ya kai shi asibiti. Sashen ido a saman bene yake, can ƙarshe, lifta kuma ta lalace. Abin da ya biyo baya Ɗan Hutu da bakinsa ya ba mu labari da muka je dubiya.

Tsoho ya dafa ƙarfen matakala ya fara hawa yana ba da labarin wani rago da ya ƙi sayuwa. Ya yi nisa yana zuba kafin ya lura ba mai amsa masa. Ya waiwaya da idonsa mai gani, ya hango jikansa a ƙasa, zaune a kan matakala, ya jingina kai da bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Abokina, lafiya?"

"Waya zan amsa, Kaka. Ka ci gaba."

"Wayar tana aljihunka."

Tsohon ya sauko. Ya kama shi ta hammata ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, ya kasa, sai ya buɗe murya irin wadda ake kiran mutum daga wancan ƙarshen gona. Wata nas ta taho da gudu tana turo keken marasa lafiya, ta nufi tsohon da shi.

"Ba ni ba, 'yata," ya ce. "Yaron."

Aka gwada jinin Ɗan Hutu, nas ta sake gwadawa, ta je ta kira likita. Hawan jini, ga suga a kai. Likita ya ce da ya ƙara hawa ɗaya, da wani zancen ake yi. Aka ba shi gado a take.

Idan ka kawo nan, ka ci gasar. An kai kakanka asibiti, kai aka kwantar.

7. Kada ka yarda tsoho ya yi jinyarka

A nan Ɗan Hutu ya yi sakaci, aikin shekaru ya rushe.

Tsohon ya ƙi komawa gida, ya ƙi a yi masa aikin idon. Ya ja kujerar roba ya zauna a gefen gadon. Matar Ɗan Hutu ta roƙe shi ya je ya huta, ya ce ya huta. Ya daina tsokana, ya daina zancen wata nawa. Ranar da muka je, muna tsaye da ledar lemu da ayaba, ya riƙe hannun jikan, wanda aka sa wa ƙarin ruwa, yana juya shi kamar mai duba ko ya karye.

"Ni na sa ubanka a rami," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Da hannun nan. Na ɗauka shi zai sa ni. Yanzu ba ni da ƙarfin yin na biyu, ka ji na gaya maka."

Ɗan Hutu ya juya fuska bango. Mu kuma kowa ya samu abin kallo a silin.

Bayan an sallame shi aka yi wa tsohon aiki, aka rufe idon da bandeji. Ya ce shi ba zai iya zaman ɗaki ba, kuma ba ya gani sosai, dole wani ya riƙa zagayawa da shi kowace safiya. Ya ƙi jagorancin kowa sai na jikansa. Haka maƙwabta suka riƙa ganinsu, tsoho ya dafa kafaɗar ƙato, ƙato yana haki, tsoho yana cewa a ƙara sauri. An daɗe da cire bandejin, ido ya warke, amma tsohon ya ce har yanzu dishi-dishi yake gani.

Sugan bai tafi ba, likita ya ce ba zai tafi ba, magani ne har iyakar rayuwa. Amma tumbin Ɗan Hutu ya faɗa, ya huda sabon rami a bel ɗinsa ta ɓangaren da ba a saba ba. Da gorar ruwa yake zuwa ofis. Idan mai babur ya kawo mini nawa abincin, sai ya kalle ni da wani irin tausayi da ba na so. A taƙaice, ya fita daga gasar.

Sanarwa

Marubucin nan ba likita ba ne, ba kuma ɗan'uwanka ba ne. Idan tsarin ya yi maka aiki, kada iyalinka su neme ni, ba ni na zuba maka sukarin ba. Idan bai yi ba, ka binciki gidanku, akwai wani tsoho da ke yi maka zagon ƙasa. Haka kuma, masu yaɗa cewa sun gan ni a layin gwajin jini makon jiya su ji tsoron Allah. Rakiya na yi. Nas ɗin ce ta ga na zauna ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta kalli lambar, ta kalle ni, sannan ta tambaye ni a hankali ko da wani na zo.