Rasuwar Iya, Wadda Ba Ta Taɓa Cin Ɗigon Kowa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai cike da tunanin yadda zai sake haɗa ido da Malam Ya'u, Malam Sagir mai shagon buga takardu na hanyar Kusugu, a madadin kansa da dukkan ma'aikatansa, wato shi ɗin dai, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Iya. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, tana tsakiyar aiki.

Ba a san shekarunta ba, don da tsufanta ta shigo ƙasar nan. Sagir ya ɗauko ta daga Kano shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da digirinsa na tarihi ya gama zaga ofisoshin Katsina ya dawo Daura bai samu kujera ba.

Marigayiyar ba ta da kwalliya. Allonta baƙi ne ƙirin, sai wani ɗan farin layi da ke ƙifta ido yana jira. Sagir zai kifa shafi a kan sikana, ya rubuta mata layi ɗaya na umarni da sunan shafin, ya danna. Sai ta ce "tit", ta yi ɗan gurnani, ta bi hoton ɗigo bayan ɗigo tana juya shi zuwa yaren da tsohuwar firinta ke ji. Launi biyu ta sani a duniya, baƙi da fari. Abin da ta ga baƙi, baƙi za ta ce, ko da kashin ƙuda ne. Sagir ya yi hulɗa da mutane iri-iri, wasunsu da rawani, bai ga mai shaida irinta ba.

Babban aikin rayuwarta shi ne waƙar rabon gado ta Malam Ya'u, dattijon da ya tsara hukuncin gado cikin baitocin ajami don mutanen karkara su haddace. Malam ya ƙi yarda a buga masa da haruffan inji. Ya ce hannunsa mutane suka sani, hannunsa za su gani. Shekara da shekaru Iya na fitar da rubutun nan kamar yanzu aka ɗage alƙalami.

Jinyarta ta fara da tari a fanka. Daga baya sai cikinta ya riƙa ƙyas-ƙyas-ƙyas, tana farkawa da ƙyar, wani lokaci sai an ɗan daki haƙarƙarinta cikin ladabi. Ranar Talata aka kawo wuta da ƙarfin da ba a roƙa ba. Ta ce "tiiit", dogo, ɗan layin ya daina ƙiftawa.

Ga aikin Malam na bana ko rabi bai kai ba. Harisu, ƙanin Sagir, ya kawo sabuwar kwamfutar cinya, haɗe da firintarta, don ta gaji marigayiyar. Magajiyar nan tana da launuka, tana da fara'a, ko kashe ta za a yi sai ta tambaya ko an tabbata. Abu ɗaya ne ba ta tambaya ba. Da ta ga shafukan Malam, sai ta ga ƙananan baƙaƙen abubuwa a saman wasu haruffa, ta ɗauka datti ne, ta share su don taimako. Sagir, wanda ke karanta ajami kamar mai tafiya a gonar ƙaya, ya duba ya ga shafi fes, har ya yaba. Aka ɗinke, aka kai kasuwar Zango da ta Dutsi.

Ga waɗanda boko ya yi wa irin ta Sagir: tsakanin harafin gainun, mai ba da sautin "ga" a ajami, da ainun, mai ba da "a", ɗigo ɗaya ne a sama. Sauran ɗigogin Malam manya ne, amma na gainun tun yana saurayi da bakin alƙalami kawai yake taɓa shi. Su magajiyar ta cinye. Inda gona ta koma "ona", kowa ya gane kuskure ne. Amma gado ya koma ado, shi kuwa ado kalma ce mai rai, kuma akwai masu son kada su gane.

Ranar Asabar wata baiwar Allah mai suna Shatu ta taho daga Zango a kan babur ta tsaya a ƙofar shago. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mahaifinsu ya rasu ya bar gona, yayanta kuma ya buɗe mata littafi a gaban mutane, da hannun Malam Ya'u wanda kowa ya sani, cewa mace rabin adon namiji take da shi. Ya tattara mata hulunan tsohon guda biyu da kwalbar turare, ya ce ga rabonta, gona ba ado ba ce. Ta tambaya ko haka Malam ya rubuta. Sagir ya ce a'a. Ta ce to, Litinin za a zauna gaban mai gari, ya san abin da zai yi kafin nan.

Da Sagir ya kai wa Malam Ya'u littafin, bai yi faɗa ba, abin da ya fi damun Sagir ke nan. Ya juya littafin a hannunsa ya ce, "Sagiru, ni ban san inji ba. Sunan wa ke jikin bangon littafin nan?" Sannan ya bayyana cewa in ba a gyara kafin karatun Juma'a ba, zai sanar a masallaci cewa littafin ba nasa ba ne, ya karɓi rubutunsa, daga nan kuma kowa ya riƙe hanyarsa.

Marigayiyar ta bar tsohuwar firinta, abokiyar zamanta, wadda yanzu babu mai jin yarenta a duk faɗin masarauta. Ta bar sikana, da kibod mai wawulo, da linzami wanda ta riƙe tun yana ƙarami ba ta taɓa aiken sa ko'ina ba. Ta bar Sagir da buhu biyu na littattafan da ya bi rumfa-rumfa ya karɓo, ban da waɗanda suka riga suka shiga gidaje.

Ba za a yi mata salla ba, an tambaya. Za a miƙa gawar ga mai jari-bola gobe da safe, bayan an cire wayoyinta. Zaman makoki a shago ne, daga gobe har Alhamis. Ba a buƙatar goro ko gumba. Duk mai zuwa ta'aziyya ya zo da baƙin biro mai siririn baki, za a ba shi littafi da tabarma, ya mayar wa kowane gainun haƙƙinsa. Kwafin farko na Shatu ne, Sagir da kansa zai kai Zango.

Ana roƙon masu makoki su lura da baitin ƙarshe, inda Malam ya ce duniya ado ce. Wannan haka yake tun asali, kada a ɗiga masa komai. Sagir ya riga ya ɗiga a kwafi da yawa, ya mayar da duniya gado, Malam kuma ya aiko a tambaye shi wa ya mutu ya bar masa.